Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Sassan Kimiyyar Kwamfuta na Manyan Makarantun Jihar Katsina

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ya ku malamanmu masu daraja, shugabannin sassan kimiyyar kwamfuta da makamantansu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Jami'ar Al-Qalam, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, da takwararta ta tarayya da ke Daura, da duk wata babbar makaranta a jihar nan da ake koya wa matasa rubuta manhaja: bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ɗalibanku, ina neman ku ba ni aron hankalinku a kan wata magana da na daɗe ina juyawa a raina. Ni mai rubuta manhaja ne a nan birnin Katsina, ina cikin masu ba da gudummawa ga manhajojin da tushensu yake a buɗe, kuma ɗalibanku sukan zo wurina neman a nuna musu hanyar shiga wannan aiki. Roƙona gare ku shi ne ku amince da aikin da ɗalibi ya yi a cikin buɗaɗɗiyar manhaja a matsayin horon SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ɗalibi yake fita yi a wuraren aiki kafin ya gama karatu, ko aikin kammala karatu, bisa sharaɗin kowane ɗalibi ya kasance yana da jagora sananne da ke bibiyar aikinsa, kuma ku lissafa wannan jagoranci cikin aikin malami. Sharaɗin ya fi amincewar muhimmanci, don haka a kansa zan fi tsayawa.

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bar rubutunta a fili, lasisinta ya ba kowa izinin ya karanta, ya gyara, ya raba wa wasu. Ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Wayar Android da ke aljihun kusan kowane ɗalibinku a kan Linux, wata buɗaɗɗiyar manhaja mai tafiyar da na'ura, take tafiya, kuma Linus Torvalds yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan ya fara rubuta Linux a 1991. Alƙaluman da ma'aikatan lafiya suke tattarawa daga asibitocin ƙananan hukumominmu suna shiga DHIS2 ne, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe take jagorantar ginawa, wadda Najeriya da gomman ƙasashe suke dogaro da ita. Masu zagayen rigakafi da masu ƙididdiga da yawa da ODK suke cike fom a waya. Makarantu suna koyarwa ta Moodle, ɗakunan karatu suna tsara littattafansu da Koha. Mun daɗe muna cin moriyar waɗannan abubuwa, amma idan mutum ya duba sunayen waɗanda suke rubuta su da gyara su, da wuya ya ci karo da ɗan Katsina, alhali ƙofar a buɗe take, ba a tambayar kowa takardar shaida ko sunan garinsu kafin a karɓi gyaransa.

Kun fi ni sanin halin da horon SIWES yake ciki a nan. Hukumar ITF, mai kula da horar da ma'aikatan masana'antu, ta ɓullo da shi a 1973 domin ɗalibi ya taɓa aikin da hannunsa kafin ya karɓi shaida, kuma manufar tana nan da kyawunta. Sai dai kamfanonin da suke rubuta manhaja a jiharmu ba su kai su ɗauki ko da wani ɓangare mai kauri na ɗaliban da kuke fitarwa kowace shekara ba. Wanda iyayensa suke da hali yakan tafi Kano ko Abuja ko Legas. Sauran kuwa sukan ƙare a shagon buga takardu da fotokwafi, ko a ofishin da babu abin da za a ba su sai kujera, su yi watanni suna cike littafin rahoto da abin da ba su yi ba. Ɗalibai mata sun fi shan wannan wahala, domin ba kowane uba ne zai bar 'yarsa ta yi rabin shekara a garin da ba ta da kowa ba, musamman da yanayin hanyoyinmu. Aikin kammala karatu ma yana da irin tasa damuwar: ɗalibi yakan rubuta manhajar rajistar ɗalibai ko ta lissafin kantin magani shi kaɗai, a ɗaure babi biyar da bango mai kauri, a ajiye a kanta, ba tare da wani ya karanta rubutun manhajar layi bayan layi ba, kuma babu mai amfani da ita ko sau ɗaya. Ban faɗi haka don in zargi kowa ba. Malamin da aka ɗora wa ɗalibai da yawa a zango guda, ga koyarwa ga makin jarrabawa, ba shi da sa'o'in da zai yi wannan karatu.

A cikin buɗaɗɗiyar manhaja lamarin daban yake. Ɗalibi yakan tarar da manhajar da mutane suka yi shekaru suna ginawa, dole ya fara da karanta abin da wasu suka rubuta, wanda shi ne mafi yawan aikin mai rubuta manhaja a duniyar gaske, kuma shi ne abin da aji ya fi ƙarancin koyarwa. Zai zaɓi matsala guda daga jerin matsalolin da masu amfani suka kai ƙara, ya sa ta faru a kwamfutarsa don ya tabbatar da ita, ya nemo inda ta samo asali, ya gyara, ya rubuta gwajin da zai nuna gyaran ya yi kuma bai ɓata wani wuri ba, sannan ya miƙa ta Git, manhajar da ake adana tarihin gyare-gyare da ita, domin masu kula da manhajar su duba. Nan ne karatun yake. Za a dawo masa da aikin a ce sunan da ya ba wannan abu bai fito da ma'ana ba, a ce bai yi tunanin abin da zai faru idan mai amfani ya bar gurbin fanko ba, a ce ya raba gyaran gida biyu. Zai gyara ya mayar, a sake dawo masa da shi. Ranar da aka karɓa aka haɗa shi da uwar manhajar, aikinsa ya shiga hannun mutanen da bai taɓa gani ba, kuma duk abin da ya gudana yana nan a rubuce da kwanan wata, kowa yana iya buɗewa ya gani. Ga mai duba ɗalibi, wannan shaida ta fi littafin rahoton da aka sa wa hannu da hatimi ƙarfi nesa ba kusa ba, domin ba a sayenta a shago kuma ba a rubuta ta a dare ɗaya.

To, idan ƙofar a buɗe take haka, me ya hana ɗalibanmu shiga? Wasu za su ce wuta, wasu su ce kuɗin data, wasu su ce rashin kwamfuta mai ƙarfi, kuma duk gaskiya ne. Amma abin da na gani ya fi yawan mayar da ɗalibi baya shi ne rashin wanda zai tsaya a kansa a makonnin farko. Manyan shirye-shiryen duniya sun fahimci haka tuntuni. Google Summer of Code, shirin kamfanin Google na shigar da sababbi cikin aikin buɗaɗɗiyar manhaja, wanda aka fara a 2005, ba ya barin kowa ya yi aiki sai da jagora daga cikin masu manhajar, yana ware kimanin mako uku tun kafin a fara rubutu domin sabon shiga ya san mutanen da al'adarsu, ana auna shi a tsakiya da ƙarshe, kuma jagoran ne yake cewa ya ci ko bai ci ba. Ayyukansa ma an yanka su daidai ƙarfin mutum: na kimanin awa 90, da na 175, da na 350. Shirin Outreachy, wanda ya samo asali daga ƙoƙarin al'ummar GNOME, masu gina wata buɗaɗɗiyar manhaja, na jawo mata cikin wannan aiki, yana ba da horon wata uku sau biyu a shekara da alawus na dala 7,000, kuma kafin a zaɓi kowa sai masu nema sun shafe makonni suna ba da ƙananan gudummawa a gaban jagorori. Kuɗin ne yake jan idon matasa, amma abin da ya riƙe waɗannan shirye-shirye tsawon shekaru shi ne mutumin da ya yarda ya ba da sa'o'insa kowane mako don ya karanta aikin wani.

Ɗalibinmu na nan yana buƙatar wannan mutum fiye da takwaransa na wata ƙasa, saboda dalilan da suka shafi tarbiyyarmu. Mun taso da kunya da kawaici, an koya mana kada mu katse babba, kada mu yawaita tambaya, kada mu nuna ba mu gane ba a gaban jama'a. Halaye ne masu kyau a gida da cikin unguwa, amma a zauren tattaunawar manhaja, inda ba a ganin fuska kuma shiru ba ya nuna ladabi, suna cutar da mai su. Ɗalibi zai maƙale wajen girka manhajar a kwamfutarsa, abin da tambaya ɗaya za ta warware, sai ya yi mako biyu yana fama shi kaɗai don kada a ce bai iya ba, su kuwa can su ɗauka ya watsar da aikin, su ba wani. Wani kuma zai miƙa gyaransa na farko, a amsa masa da gajeren Turanci ba gaisuwa ba sannu, a lissafa masa kurakurai shida, sai ya ji kamar an ci masa mutunci a bainar jama'a, ya rufe kwamfuta bai ƙara komawa ba. Da akwai wanda zai zauna kusa da shi ya ce masa, da Hausa, wannan da ka gani ba wulaƙanci ba ne, mutumin ya ba aikinka lokacinsa ne shi ya sa ya ga kurakuran, kuma haka suke yi wa junansu, da ɗalibin ya tsaya. Akwai kuma mai kishiyar wannan hali, wanda zai buɗe saƙo da gaisuwa mai tsawo da roƙon a taimaka masa don Allah, bai faɗi abin da ya gwada ba, bai manna saƙon kuskuren da kwamfuta ta nuna masa ba. Shi ma jagora ne zai koya masa yadda ake tambaya: ga abin da nake son yi, ga abin da na yi, ga abin da ya fito, ga inda nake zaton matsalar take.

Mu Katsinawa ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba, domin garin Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani ya san karatun zaure. Littafin yana kasuwa, kowa yana iya saye, amma ba a cewa mutum ya karance shi sai ya zauna gaban malami ya biya, an tsayar da shi inda ya karkace, an ba shi gwargwadon abin da zai iya ɗauka a ranar. Aikin jagoran manhaja ke nan. Shi zai zaɓar wa ɗalibi matsalar farko, ƙarama wadda za ta ƙare cikin 'yan kwanaki, domin nasarar farko ita ke sa mutum ya dawo. Shi zai karanta gyaran kafin a miƙa wa mutanen waje. Shi zai riƙe hannunsa kada ya karɓi allon rubutun ya yi wa ɗalibin aikin, ko da yana ganin amsar ƙuru-ƙuru, wanda a ganina shi ne mafi wuyar sashen jagoranci. Shi zai lura idan ɗalibi ya yi shiru, ya neme shi tun kafin shirun ya zama guduwa. Kuma shi ne zai gaya masa gaskiya idan aikin bai kai ba, ba tare da ya karya masa gwiwa ba.

Ina roƙonku da babbar murya kada ku karɓi rabin wannan shawara ku bar rabi. Mafi munin abin da sashe zai yi shi ne ya sanar wa aji guda cewa kowa ya je ya ba da gudummawa a GitHub, shafin intanet da ake ajiye rubutun manhajoji, maki kaza ga wanda aka karɓi gyaransa, sannan a sake su ba mai duba su. An ga irin abin da hakan yake haifarwa. A watan Oktoban 2020, a lokacin Hacktoberfest, shirin shekara-shekara na ƙarfafa ba da gudummawa ga buɗaɗɗun manhajoji, wanda a lokacin ake ba da riga ga duk wanda ya miƙa gyara huɗu, an yi wa masu kula da manhajoji ambaliyar gyare-gyaren banza, wani ya ƙara kalma ɗaya a shafin bayani, wani ya sauya waƙafi, har sai da masu shirin suka canja ƙa'ida cikin 'yan kwanaki. Maki ya fi riga tsada a wurin ɗalibi, don haka abin da za mu haifar zai fi wannan. A watan Afrilun 2021 kuma, masu kula da Linux sun dakatar da karɓar gudummawa daga Jami'ar Minnesota ta Amurka baki ɗaya, bayan wasu masu bincike a can sun miƙa gyare-gyare masu lahani da gangan don su gwada ko za a gane, aka kuma koma aka sake tantance abin da mutanen jami'ar suka taɓa bayarwa. Mutane kaɗan ne suka yi laifin, sunan makarantar duka ya ɗauka. Masu kula da manhajoji da yawa 'yan sa-kai ne da ke wannan aiki bayan sun tashi daga wurin neman abincinsu, kuma idan suka fara ganin saƙonni marasa kan gado daga adireshin makaranta ɗaya ko gari ɗaya, ɗalibin kirki da zai zo daga baya shi zai biya bashin.

Amana ta ƙara tsada a wannan fage tun daga watan Maris na 2024, lokacin da wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata kwamfuta daga nesa yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, ya bi diddigi har ya gano an dasa ƙofar sirri, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse bayanai da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux. Wanda ya dasa ta ya shafe kimanin shekara biyu yana ba da gudummawa kamar mutumin kirki, har mai kula da manhajar, wanda aiki ya yi wa yawa kuma yake shi kaɗai, ya ba shi dama. Tun daga nan ana ƙara sa ido a kan baƙuwar fuska. Ga kuma sabuwar fitina ta ƙirƙirarriyar basira: ɗalibi yana iya sa na'ura ta rubuta masa gyara mai kama da na gaske cikin minti ɗaya, ya miƙa bai fahimci layi ɗaya a ciki ba. Daniel Stenberg, mai kula da manhajar curl, ya sha kokawa a fili kan rahotannin ƙarya irin waɗannan da suke cinye lokacin mutanensa. Ban ce a hana ɗalibi amfani da waɗannan na'urori ba, domin hanin ba zai yi aiki ba. Ƙa'idar da nake bi da masu zuwa wurina ita ce, duk layin da ba za ka iya bayyana mini dalilinsa da bakinka ba, ba zai fita da sunanka ba. Wannan ƙa'ida ba ta tabbata sai da mutum mai zama ya yi tambayar.

Saboda haka nake ba da shawarar kada a rataya makin ɗalibi a kan ko an karɓi gyaransa. Karɓa ba a hannunsa take ba. Mai kula da manhaja yana iya yin tafiya, ko ya yi rashin lafiya, ko a sauya alƙiblar aikin, gyara mai kyau ya yi watanni yana jira. Ɗalibin da makinsa ya dogara da wannan zai dinga damun mutane da saƙon a taimaka a duba kafin ranar kare aiki, abin da yake zubar da ƙimarsa da tamu. A auna shi da abin da yake hannunsa: yadda ya fahimci matsalar, da ingancin gwajin da ya rubuta, da yadda ya amsa gyaran da aka yi masa, da ko zai iya tsayawa gaban malamai ya buɗe rubutunsa ya yi bayani.

Na san tambayar da za ku yi ita ce ina za a samo jagororin. A nan ne nake neman ku yi abin da ku kaɗai ne kuke da ikon yi. Muddin jagoranci yana matsayin alfarma da malami yake yi a lokacin hutunsa, ba ya cikin jadawalin aiki, ba ya cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma, to masu yin sa za su gaji su bari, kuma ba za a ga laifinsu ba. Ku kai maganar gaban kwamitocin tsangaya da majalisun makarantunku, a ware wa malamin da ya ɗauki wannan nauyi sa'o'i sanannu a mako, a rage masa wani abu a madadinsu, kuma a taƙaita masa ɗalibai, domin wanda aka ba ɗalibai ashirin ba jagoranci yake yi ba, sa hannu kawai yake yi. Tsarin manhajar karatu na CCMAS da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da muhallinta, don haka gurbin yana nan ga wanda yake so. Sannan ba dole ne nauyin ya tsaya a kan malamai kaɗai ba. Akwai tsofaffin ɗalibanku da suke aiki a Abuja da Legas da ƙasashen waje, da waɗanda suke zaune a nan Katsina da Funtuwa da Daura suna yi wa kamfanonin nesa aiki ta intanet. Da yawansu za su amsa idan sashe ya rubuta musu takarda a hukumance ya ba su matsayin mai duba ɗalibi na wajen makaranta, wanda dama tsarin SIWES ya tanada. Abin da ya fi dacewa shi ne ɗalibi ya samu mutum biyu: malami a sashe mai kula da maki da ƙa'idar makaranta, da ma'aikaci mai hannu a cikin manhajar da zai karanta rubutun. Ɗaliban aji huɗu da suka riga suka bi hanyar su ma suna iya riƙe hannun na aji biyu wajen girka manhajoji da koyon Git, wanda zai rage wa manya kaya sosai.

Akwai aikin da 'ya'yanmu suka fi kowa cancantar yi, kuma yana nan jibge yana jira. Manhajoji da yawa har yau suna tuntuɓe a kan ƙ da ɗ da ɓ: mutum ya nemi suna a akwatin bincike bai samu ba saboda an rubuta shi da ƙugiya shi kuwa ya buga ba ƙugiya, ko jerin sunaye ya jefa masu farawa da Ɗ can ƙarshe bayan Z, ko rubutu ya fito da ɗan akwati a gurbin harafi. Mu muna rubuta 'y, maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram suna rubuta ƴ, kuma manhajar da za ta yi wa Hausawa aiki dole ta san duka biyun abu ɗaya ne. Injiniyan da ke Jamus ba zai taɓa lura da waɗannan ba, ɗalibin Dutsin-Ma kuwa da kallo ɗaya zai gani. Ga fassara fuskar manhajoji, ga taskar muryoyi ta Common Voice ta Mozilla wadda Hausa take ciki, ga manhajar MediaWiki da Wikipedia ta Hausa take tafiya a kanta, ga taswirar OpenStreetMap inda unguwanni da ƙauyukanmu da yawa suke buƙatar wanda ya san su ya sa musu suna daidai, ga masu binciken harshe na Masakhane da HausaNLP da suke aikinsu a fili. Ina dai jan hankali kada a tsare ɗalibanmu a fassara kaɗai. Ƙofa ce mai kyau ta shiga, tana koya wa mutum yadda ake miƙa aiki da karɓar gyara, amma ɗalibin kimiyyar kwamfuta ya kamata jagoransa ya tura shi ciki, ya kai ga rubutun da yake sarrafa haruffan, ba kalmomin da ke kan maɓalli kawai ba.

Game da wuta da data, abin da ake buƙata bai kai yadda ake zato ba: ɗaki ɗaya mai sola da intanet tsayayye, wanda ba a kulle shi da an tashi daga ofis, domin saukar da babbar manhaja da kayan gininta a karon farko yana iya cinye datar da ɗalibi ya saya ta wata guda, kuma yawancin tarukan masu manhaja na Turai da Amurka da yamma ko da dare suke faɗowa a agogonmu. Jadawali ma yana son kulawa. Google Summer of Code yakan karɓi takardun nema ne wajen Maris zuwa Afrilu, aikin ya gudana a watannin damina, lokacin da sau da yawa ɗalibanmu suke tsakiyar zango ko jarrabawa, tun da kalandar jami'o'in gwamnati ta sha gocewa, musamman bayan yajin aikin wata takwas na 2022. Wanda yake son shiga dole ya fara ba da gudummawa watanni kafin a buɗe nema, kuma sashe yana iya sassauta masa idan an ɗauke shi. Amma kada a gina shirin a kan alawus. Masu nema daga duniya suna da yawa ƙwarai, waɗanda ake ɗauka kaɗan ne, kuma ɗalibin da aka ce masa dala ce a gaba zai watsar da komai ranar da sunansa bai fito ba, alhali abin da ya koya da tarihin aikinsa suna nan, kuma su ne mai ɗaukar ma'aikata zai duba.

Dangane da ɗalibai mata, wannan hanya tana ba su abin da SIWES na yanzu yake hana su, wato horo na gaske ba tare da barin gida ba. Domin iyaye su natsu kuma a kare mutuncin kowa, a sa ƙa'ida tun farko cewa jagoranci yana gudana ne a zauren da wasu suke gani, ko a ɗakin sashe a lokacin da aka sani, ba a saƙon sirri da tsakar dare ba, kuma ɗaliba ta san wanda za ta kai wa ƙara idan ta ga abin da bai yi mata ba. Manyan manhajoji da yawa suna da rubutacciyar dokar ɗa'a, ya kamata namu shirin ya kasance da tasa. A kuma nemi mata masu wannan sana'a su shigo cikin jagororin, domin akwai su, kuma ganinsu kaɗai yana sauya tunanin yarinyar da take aji ɗaya.

Ba na neman ku sauya tsari gaba ɗaya a shekara guda. Kowane sashe ya gwada da ɗalibai kaɗan a zangon SIWES mai zuwa, waɗanda suka nuna sha'awa da kansu, a zaɓi manhajoji biyu ko uku masu rai waɗanda masu kula da su suke amsa saƙo kuma suke da jerin matsalolin da aka ware wa sababbin shiga, a rubuta wa masu manhajar tun da wuri a gaya musu ga waɗanda za su zo ga kuma mai tsaya musu. Jami'in SIWES na makaranta ya tuntuɓi ofishin ITF a samu matsaya a rubuce kan yadda za a cike littafin rahoto da wanda zai sa hannu, domin kada ɗalibi ya gama aiki a ce ba a san da shi ba. A ƙarshen zango a kira waɗannan ɗalibai su buɗe aikinsu a gaban sashe, a gayyaci na ƙasa da su su zauna su gani, sannan ku yanke hukunci da abin da idonku ya gane muku. Ni da wasu abokan sana'ata a nan Katsina a shirye muke mu ɗauki ɗalibai gwargwadon ƙarfinmu, mu kuma zauna da duk malamin da yake son a bi hanyar tare da shi tun daga girka Git har zuwa miƙa gyaran farko, ba tare da an biya mu komai ba. Muna jiran takardarku kafin a fara raba wa ɗalibai wuraren horo na bana.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya saka muku da alheri a kan hidimar da kuke yi wa 'ya'yanmu.

Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai rubuta manhaja,
Birnin Katsina.